Yatsun Lowell Brekke

Shekara ashirin da uku na yi ina raba wasiƙu a hanyar arewa ta garinmu Rudvik, a gabashin Montana. Mil tamanin da huɗu kullum in ban da Lahadi, gidaje arba'in da 'yan kai, kuma a cikinsu babu wanda ya wahalar da bayana kamar gidan Lowell Brekke. Sauran mutane ambulan ake aiko musu, in jefa a akwatin bakin hanya in wuce. Shi kuwa dogayen kwalaye ne masu nauyi, daga Texas, daga Pennsylvania, har daga Alaska, waɗanda ba sa shiga akwati. Dole in karya kan mota in bi ɗan layin tsakuwa har ƙofar shagonsa, in danna hon sau biyu, in jira ya kashe inji.

Lowell mai gyaran bindiga ne. Lokacin da na kama aiki, a 1979, ya haura hamsin da biyar. Dogo ne, duk ƙashi, da tabarau ɗaure da igiyar takalmi ta bayan ƙeya. Matarsa Ardis ta rasu shekara uku kafin nan. 'Yarsu guda, Marlys, tana aure a Spokane, takan bugo waya ranar Kirsimeti da ranar haihuwarsa. A soja ya koyi aikin ƙarfe, ya yi shekara goma a garejin jirgin ƙasa, sannan ya dawo gonar mahaifinsa, ya bar wa maƙwabci filin yana nomawa, shi kuma ya mayar da tsohon ɗakin kaji shago. A nan yake wuni. Abincinsa miyar gwangwani ce, ya ɗora ta a kan murhun shagon, ya sha a tsaye da biskit. Rediyonsa tasha ɗaya ta sani, mai faɗin yanayi da farashin shanu.

Kowace irin bindigar farauta yana gyarawa, amma aiki guda ne ya kai sunansa nesa. Mutum zai aiko da bindigarsa ta gado, ya ce yana so harsashinta ya ƙara gudu. Sai Lowell ya sake rarake gurbin da harsashi ke kwanciya a gindin bututun bindigar, ya buɗa shi kaɗan ta gefe, ya miƙar da kafaɗarsa. In aka sa harsashin kanti aka harba, kwanson tagullar harsashin sai ya kumbura ya ɗauki siffar sabon gurbin. Daga nan mai bindiga ya riƙa cika wannan kwanson da kansa a gida, yana cin albarushi fiye da da. Mazan yankinmu suna iya wuni suna gardama a kan ko wannan ƙarin yana da wani amfani, tunda barewa dai faɗuwa za ta yi ko ta yaya. Lowell bai taɓa sa baki a gardamar ba.

Wata ranar Agusta na shigo da kwali na tarar da Duane Stroh, wani mai kiwon shanu daga bakin kogi, ya tokare kanta da ciki yana ɗaga murya.

"Haba Lowell, mako uku? Rami ne fa kawai. Ka zura ƙarfenka ka murɗa, ka miƙo mini abata."

"Sai na kwance bututun," in ji Lowell. "In yanke gindinsa, in mayar da shi ciki zagaye ɗaya, sannan in rarake."

"Don me?"

Lowell ya ɗauki harsashi ɗaya daga kan tebur ya ɗaga shi daidai hancin Duane. "Ka ga nan, inda wuya ya haɗu da kafaɗa? A sabon gurbi nan kaɗai harsashin kanti zai dafa. In gurbin ya yi tsawo, babu abin da zai tokare shi. Allurar bindiga ta buge shi ya zame gaba, ya bar rata tsakanin gindinsa da sakatar da ke rufe shi ta baya. Wuta ta tashi, gaban kwanson ya manne da bango, gindin ya ja baya, tagulla ta miƙe har ta tsinke. Ka san ta ina zafin zai fito?" Ya nuna fuskar Duane da harsashin. "Shi ya sa nake gajarta gurbin da kaurin silin gashi ɗaya. In ka rufe sakata a kan harsashi, ka ji ta ɗan cije."

"Akwai wani a hanyar Glendive da ke gamawa a wuni ɗaya."

"To ka kai masa. Wane ido ka fi so? Shi za ka riƙa rufewa in za ka harba."

Duane ya juyo wajena. "Nadine, kin ji tsohon nan kuwa? Da irin bakin nan yake neman ciniki?"

"Ni dai a sa mini hannu a takarda," na ce. "Ina da gida goma sha biyu a gaba."

Duane ya suri bindigarsa ya fita. Kafin ƙarshen mako kowa a gidan shan kofi na gari ya ji cewa in ka kai wa Lowell aiki, jikanka ne zai karɓo. Dama mutanen gari ba sa yawan zuwa wurinsa, sai abin ya ƙara raguwa. Baƙi na nesa, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, su ne suka riƙe shi, suna rubuto masa doguwar wasiƙa yana amsawa da layi uku.

Haka muka yi shekaru, minti biyar kullum, wani lokaci goma. Ya ce, "Me kika kawo?" In ce, "Wani ciwon bayan daga Texas." Ya zuba mini kofi a murfin fulas, baƙi ƙirin, in sha a tsaye. Na daɗe kafin na lura cewa duk ranar da na shigo sai ya yi gyaran murya sau biyu ko uku kafin magana ta fito. Daga baya na gane dalili. Tun fitata jiya bai yi magana da kowa ba.

A hunturun 1990 na ga wani ƙaton ƙuna a yatsansa na tsakiya, ya yi ruwa, ya ɗauko har farce.

"Lowell, me ya same ka a hannu?"

Ya duba yatsan kamar na wani ne. "Au. Murhu ne, ina jin."

"Kana jin? Ba ka sani ba?"

Ya tura hannun cikin aljihu. Sai bayan wata biyu ya faɗa mini cewa likita ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa, ya fara kashe masa jijiyoyin yatsu da na ƙafa. Ƙarfi yana nan. Zai iya ɗaga bututu, zai iya murɗa inji. Ji ne ya tafi. Ya ce kamar yana aiki da safar hannu biyu.

Ranar da ya fara roƙona ina tunawa da ita sosai, don ban taɓa ganin ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Na ajiye kwali zan fita, ya ce, "Nadine. Kina da minti biyu?"

Akwai bindiga ɗaure a kan tebur, an cire mata ƙota, an zare allurarta. Ya sa wani ɗan ƙarfe mai siffar harsashi a gurbin.

"Wannan gajeren ma'auni ne. Ki tura sakatar, ki saukar da hannunta da yatsa ɗaya. Ɗaya fa. Kada ki danna."

Na saukar. Ta sauka sumul.

Ya canza ƙarfen. "Wannan dogon ne. Sake."

Ta tsaya a rabin hanya. "Ta ƙi," na ce.

"Haka ake so. Bar ta." Sai ya ɗauko harsashin da ya riga ya zazzage albarushinsa ya sa. "Yanzu a hankali. Ki faɗa mini me kika ji a ƙarshe."

Na rufe. Daf da ƙarewa na ji wani ɗan nauyi. "Kamar in ana rufe kwalbar da aka dafa tumatir a ciki," na ce. "Wannan murɗar ta ƙarshe."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya daɗe. "Shekara arba'in ina neman yadda zan faɗe shi," ya ce. "Ashe yana kicin ɗinki."

Daga ranar duk bindigar da ya rarake ba ta fita sai na rufe sakatarta. Ban san komai a kan bindiga ba, ko harbi ban iya ba, mijina Merle shi ne mafarauci a gidanmu. Amma na iya wannan abu guda. Wani lokaci in ce, "Wannan ta yi sako-sako," ya yi tsaki ya sake kwancewa. Wani lokaci in ce, "Ta yi tauri da yawa," ya mayar da ita kan inji ya taɓa ta kaɗan. Bai taɓa ce mini kada in gaya wa kowa ba, ni ma ban gaya wa kowa ba, ko Merle.

A Satumbar 1992 'yata ta haihu a Great Falls, na ɗauki hutun mako biyu. Mutumin da ya riƙe mini hanya ba ya shiga layin tsakuwa, a gindin akwati yake jingine kwalaye. Da na dawo na tambayi Lowell ko akwai bindigar da ke jirana.

"Babu," ya ce. "Guda ce, ta wani mutumin Wyoming. Yana sauri saboda buɗe farauta. Na gama na aika."

"Kai kaɗai?"

"Ina da ma'aunai, Nadine. Tun kina yarinya nake wannan aiki."

Na ƙyale shi. Shagonsa ne.

Bayan kwana goma, ranar wata Juma'a, na kawo masa ɗan ƙaramin ƙunshi. Daga mutumin Wyoming ɗin ne, Royce Haldane, ma'aikacin layin lantarki a kusa da Buffalo. Wasiƙar godiya ce. Ya ce bindigar ta mahaifinsa ce, ya sa an gyara ta ne don 'yarsa Jolene da ta dawo daga kwaleji za ta yi farautar barewa da ita. Ya haɗo da kwanso uku da suka harba, wai Lowell ya ga yadda suka fito da kyau.

Lowell ya juye su a tafin hannu yana murmushi. Ya kai ɗaya ƙarƙashin fitila, ya jawo gilashin ƙara girma. Sai na ga murmushin ya tafi. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata 'yar waya, ya lanƙwasa bakinta, ya miƙo mini.

"Zura ta cikin kwanson har ƙasa. Ki jawo ta a jikin bango, a hankali."

Na zura na jawo. Kusa da gindi bakin wayar ya faɗa wani ɗan kwari, ya maƙale, ya wuce.

"Akwai wani layi a ciki," na ce. "Zagaye."

"Duka ukun?"

Na gwada sauran. "Duka."

Ya tafi wajen akwatin katakon da yake jera ma'aunansa, ya ɗauko biyu ya kai su ƙarƙashin gilashin yana karanta ƙananan lambobin da ke jikinsu. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Na musanya su. Na ɗauki dogon a matsayin gajere, na gwada da wanda ya fi shi tsawo. Lambobin ba sa fito mini sosai yanzu. Da na rufe a kan harsashi kuma, na ɗauka na ji ta cije." Ya dubi yatsunsa. "Na ɗauka na ji."

Wayar tarho tana cikin gida. Na bi shi, karo na farko da na taɓa shiga gidan. Komai a share, komai a inda yake, kujera ɗaya a jikin teburin cin abinci, sauran ukun an jera su a bango. Ya juya lambar Royce sau huɗu ba a ɗauka ba. A na biyar wata maƙwabciya da ta shigo ba kyanwa abinci ta ɗauka, ta ce ai Royce da Jolene sun tafi sansanin farauta tun jiya, sai Talata.

Lowell ya ajiye wayar ya ɗauki makullin a-kori-kurarsa daga ƙusa.

"Ina za ka?"

"Wyoming."

"Da waɗannan ƙafafun? Kai da ba ka jin birki a ƙarƙashin takalminka? Mil ɗari uku ne fa."

"Yarinya ce take ɗora kuncinta a kan abin nan, Nadine."

"Na ji. Ajiye makullin. Bari in ƙarasa hanyata in nemi wanda zai riƙe mini gobe. Da asuba zan zo in ɗauke ka."

Merle ya yi mita da na faɗa masa, don dole na ba shi labarin tun daga farko. "Shekara biyu kina gyaran bindiga ban sani ba? Ni kuma ga tawa can tana cin tsatsa." Amma shi ya cika mini tankin mota, ya kuma naɗe mana burodi da nama a takarda.

Na tarar da Lowell a tsaye a bakin hanya, sanye da rigar da yake zuwa jana'iza da ita, rungume da wata bindiga a cikin jakar fata. Tasa ce. Muka kama hanyar kudu. A tafiyar awa shida bai yi magana fiye da sau uku ba, kuma duk a kan ko ba zan iya ƙara gudu ba ne. Maƙwabciyar ta kwatanta mana hanya ta tarho, na zana a bayan ambulan: a bar kwalta a wata tsohuwar rijiyar mai, a bi shinge mil tara, a ratsa busasshen rafi. Rana ta ɗan karkata muka hango tanti da mota a gindin wani tudu.

Royce Haldane gajere ne mai faɗin ƙirji. Ya taso daga bakin wuta yana goge hannu a wando, yana kallon motar da mamaki. Jolene tana zaune a bayan motarsu tana cin tuffa, bindigar a jingine kusa da ita.

"Ni ne Lowell Brekke," in ji Lowell. "Na zo karɓar bindigar nan. Kada a sake harba ta."

"Mista Brekke? Da kanka? Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Na rarake gurbin ya wuce. Kuskurena ne. Sau nawa aka harba ta tun bayan wasiƙarka?"

Jolene ta sauko. "Sau biyu da safen nan. Na kuskure duka." Ta lalubi aljihun rigarta ta ciro kwanson. "Na biyun ya ɗan yi gardamar fita."

Lowell ya karɓa, amma bai iya gani a hasken ba, sai ya miƙo mini. Ba na bukatar waya. Kwanson ya tsage a kusa da gindi, rabin zagaye, baƙin hayaƙi ya fito ta tsagar. Na nuna wa Royce. Ya juya shi a hannu, fuskarsa ta canza.

"Da ya ƙarasa fa?"

"Da zafin ya biyo sakata ya fito," in ji Lowell. "Wataƙila tabarau ya tare. Wataƙila bai tare ba."

"Ba ta sa tabarau." Muryar Royce ta ɗaga. "An ce mini babu kamarka a jihohi uku. Wata takwas na jira layi. Bindigar ubana na ɗauka na ba ka, na miƙa wa 'yata da hannuna, ka zo yanzu kana ce mini wataƙila?"

Lowell bai kare kansa ba. Bai ambaci ciwo ba, bai ambaci ido ba. Ya cire hularsa ya riƙe, iska tana kaɗa ɗan gashin da ya rage masa, ya tsaya har Royce ya gama.

"Baba," in ji Jolene. "Daga Montana fa ya taso."

Royce ya juya baya ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya yana kallon tudu. Lowell ya buɗe jakar fatar ya ciro tasa bindigar ya miƙa wa Jolene da akwatin harsashi. "Wannan shekara talatin ke nan da na yi ta, lokacin hannuna yana nan. Tana ɗan jefawa hagu in ta yi zafi. Ki riƙe ta har taku ta dawo."

Royce ya dawo ya ɗauki tsohuwar bindigar, ya zare sakatarta, ya sa ta a jakar da kansa. Ya tambaya ko za mu sha kofi. Lowell ya ce a'a, hanya da nisa. Ba su yi musabaha ba.

A hanyar dawowa muka tsaya a wani ɗan gidan abinci. Ya sa aka kawo masa dankali da nama, cokali mai yatsu ya zame daga hannunsa sau biyu ya faɗi ƙasa. A karo na biyu bai sunkuya ba. Ya ture farantin ya zuba wa taga ido har na gama.

Kwana tara ya yi yana gyara bindigar Haldane. Ya sake yanke gindin bututun, ya mayar da shi ciki, ya riƙa rarakewa kaɗan kaɗan, kullum sai na zo na rufe. Ya sa na shafa wa gajeren ma'aunin jan fenti irin na farce, dogon kuma na bar shi haka. Ranar ta tara na ce masa, "Ta yi." Ya sa na sake sau uku. Sannan ya ɗaure ta a jikin tsohuwar taya a bayan shago, ya ɗaura igiya a kunamar, muka laɓe bayan bango ya ja. Sau biyar. Na zura waya a duk kwanson biyar, sumul.

Washegari na tarar da kwalaye goma sha ɗaya a jere a bakin ƙofa, duk an manna musu adireshi. Ɗaya ta Haldane ce. Sauran goman bindigogin da ke jiran layi ne, ya mayar wa masu su ba tare da ya taɓa su ba.

"Lowell, ai ina nan. Ba zan sake tafiya hutu ban faɗa maka ba."

"Kina da jika yanzu," ya ce. "Kuma yau yatsu ne da ido, gobe ban san mene ne ba. Taya ni sa su a mota."

Ya kuma rubuta wa duk wanda ya yi wa irin wannan aiki a shekara huɗun da suka wuce, ya roƙa a aiko masa da kwanso biyu-biyu. Duk hunturun nan ƙananan ƙunshi suna zuwa, ina zura waya yana rubutawa. Ba mu sami ko ɗaya mai layi ba. Mutum uku ba su amsa ba, ya sake rubuta musu sau biyu, sannan ya haƙura. Bindigarsa ta dawo daga Wyoming a watan Nuwamba, an goge ta tas, da hoton Jolene a tsugune kusa da barewa. Royce bai rubuta komai ba. Lowell ya maƙale hoton a jikin kalanda.

Bayan nan kwalaye suka daina zuwa. Ba ni da dalilin shiga layin tsakuwa, amma ina shiga, sau uku a mako, wani lokaci da takardar talla kawai a hannu. Kullum a shago nake samunsa, ya hura murhu, ya shafa wa inji mai, yana zaune a kan kujera kusa da shi. Marlys ta zo a bazarar 1994 ta yi kwana huɗu tana lallashinsa ya koma Spokane. Ya ce gidansu bene ne, kuma bai san kowa a can ba. Ta ce, "A nan wa ka sani, Baba?" Ita ta faɗa mini wannan, a bakin akwati, tana kuka.

Shekarar da ta biyo wani ƙaramin rauni a ƙafarsa ya ƙi warkewa, aka yanke ta daga gwiwa. Daga asibiti gidan tsofaffi aka wuce da shi a Miles City, bai sake taka gonar ba. Aka yi gwanjon kayan shagon wata Asabar mai iska. Wani mutum daga Dakota ya ɗora injin a tirela ya tafi da shi. Duane Stroh ya sayi murhun.

Sau uku na je duba shi. Ɗakin na mutum biyu ne, ɗayan mutumin barci kawai yake yi. Lowell ya rame, an aske masa gemu ba yadda yake so ba. Ya tambaye ni ko an gyara gadar da ke kusa da gidan su Stroh, ya tambayi sunan jikata, ya ce kofinsu ruwan wanke kwano ne. A zuwana na ƙarshe na kai masa fulas daga gida. Na riƙe masa murfin yana sha, don ba ya iya riƙewa.

Ya rasu a Fabrairun 1997. Mu bakwai ne a cocin, har da fasto da matar da ke kaɗa piyano. Ƙasa ta daskare, sai da aka kawo injin haƙa. Da muka fito daga maƙabarta Marlys ta kama hannuna ta yi mini godiya, sannan ta ce, "Nadine, in tambaye ki mana. Na san bindiga yake gyarawa. Amma mene ne ainihin abin da yake yi a ɗakin nan duk shekarun nan? Ban taɓa shiga ba. Mama ba ta barina, daga baya kuma ban tambaya ba."

Na fara yi mata bayani a tsaye cikin sanyi, gurbi da kafaɗa da rata, ina nuna mata da yatsuna cikin safar hannu. Tana gyaɗa kai, amma na ga ban iya faɗa yadda za ta gane ba. Mijinta ya riga ya tayar da mota, jirginsu zai tashi daga Billings da ƙarfe huɗu. Ta rungume ni ta shiga. Ni da Merle muka tsaya muka taya fasto naɗe kujerun da aka fitar.